Sabon zuwa Bologna: yaya kuka yi kuka gane kan garin nan?

Bakatsine sabon zuwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwanana goma sha takwas a Bologna, karatu ne ya kawo ni Italiya. Har yanzu hanya ɗaya tak na riƙe: in fito tashar jirgin ƙasa, in miƙe Via Indipendenza har Piazza Maggiore, in karya Via Zamboni wajen jami'a. Rumfunan nan da suke kira portici su ne suka rikita ni, duk layin da na shiga sai ka rantse shi na baro. Jiya na fita sayen burodi, caji ya ƙare, na yi awa ɗaya da rabi ina bulayi. Ku da kuka riga ni, yaya kuka yi?

Dattijon Zangon Kumasi: Wa alaikumus salam ɗana, sannu da hanya. Fara gyara bakinka tukuna, Bolonya ake cewa, ni na shekara ina "Bolog-na" suna ta murmushi. Daga yankin Modena na dawo nan bayan na bar aikin tayil, kuma lokacin babu taswira a waya. Hasumiya ce ta koya min garin. Idan ka ɓata, fito daga ƙarƙashin rumfa ka tsaya bakin titi ka ɗaga kai, ka nemi Asinelli, tsayinta mita 97 ne. Daga gindinta tituna suka bazu kamar yatsun hannu: Zamboni, San Vitale, Strada Maggiore, Santo Stefano, Castiglione, kowane ya je ya ƙare a wata tsohuwar ƙofar gari. Ganuwar an rushe ta tun farkon ƙarni na 20, babban titin zobe ya maye gurbinta, amma yawancin ƙofofin suna nan tsaye. Kowace Lahadi sai in ɗauki yatsa guda, in bi shi har ƙofa, in dawo ta na kusa da shi. Sai dai tun ƙarshen 2023 an killace wajen saboda ƙaramar hasumiyar, Garisenda, ta karkace da yawa.

Bakatsine sabon zuwa: Allah ya saka da alheri Baba. Ashe ma irin garinmu ne, Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri. Da haka aka faɗa min tun ranar farko da ban sha wuya ba.

Uwargida 'yar Maraɗi: Ƙanena, burodin da ka ɓata a kansa, ka karanta abin da aka rubuta a jiki? Wata biyu cur ina ba yarana wani burodi mai laushi, har ina yabonsa, sai wata maƙwabciyata 'yar Maroko ta juya ledar ta nuna min kalma ɗaya: strutto. Kitsen alade ne. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Garin nan garin mortadella ne, wato tsiran alade; tortellini ɗinsu, taliya mai nama a ciki, da miyar ragù duk da alade ake yi. Haddace strutto, lardo (shi ma kitsen alade) da maiale (alade) kafin ka haddace gaisuwa.

Tafiyar ƙafa kuwa ni keken yaro ne ya koya min. Rumfunan nan rahama ne ga mai goyo, ruwa bai taɓa ki ba, rana ba ta dafa ki ba. Tsawonsu a tsakiyar gari kawai kusan kilomita 40 ne, UNESCO ma ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2021. Amma cefanenmu ba can yake ba. Haye gadar da ke gefen tasha ka faɗa Bolognina, can za ka ga mahautan halal, da shagunan 'yan Afirka da 'yan Bangaladash masu doya da manja da kuɓewa. Rigar sanyi kuma kada ka yarda ka saya a Indipendenza. Jira Juma'a ko Asabar kasuwar Piazzola ta ci a Piazza VIII Agosto.

Ɗan Jos mai digiri na uku: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni ba zan yi wa yaron nan daɗin baki ba. Yawon rumfa yana da daɗi ne ga wanda ya san inda zai kwana. Sati biyar na yi ina taka garin nan neman ɗaki. A waya a ce min akwai, in je ƙofa a gan ni, a ce yanzu-yanzu aka kama. Ƙarshe a wajen gari na samu. Ina fata dai ka je gidan waya ka cike fom ɗin takardar zama, don kwana takwas na aiki doka ta ba ka daga ranar shigowa. Rasit ɗin da suka ba ka, riƙe shi kamar fasfo.

Inda na huta a kwanakin nan shi ne ɗakin karatu na Salaborsa, gefen gunkin Nettuno. Kyauta ake shiga, akwai ɗumi, akwai banɗaki, ƙasan falon gilashi ne kana hango kufan garin Romawa ƙarƙashin ƙafarka. Kuma ka kula, daɓen rumfunan nan idan ya jiƙe santsi gare shi kamar sabulu. Na taɓa zubewa gaban wasu tsofaffi, ɗaya ta ɗago ni tana "piano, piano", wato a hankali.

Bakatsine sabon zuwa: Yaya, fom na kai shi tun kwana na huɗu, alhamdulillah. Hajiya, na duba ledar. Akwai shi a ciki. Innalillahi.

Dattijon Zangon Kumasi: Rashin sani ne ɗana, zubar kawai. Lahadin nan bayan azahar ka same ni a Porta Saragozza mu hau San Luca, cocin da ke kan tudu. Hanyar rumfa ce guda ta kusan kilomita huɗu, baka 666, daga Meloncello da ke gindin tudun kuma hawa ne zalla. Ɗan Jos, kai ma ka fito, ka daina ƙunshe kanka a ɗaki. Kowa ya taho da ruwansa da takalmi mai ƙasan roba.