Shawarwarin da aka bayar kan janareta a zamanmu na Sabon Gari

Ranar Asabar mun zauna a Sabon Garin Zariya, masu ƙananan asibitoci da kemis da makanikai biyu, kan yadda za a riƙa samun wuta idan an ɗauke.

Inda aka fi daɗewa shi ne girman inji. Makanikan sun ce kafin ka saya, ka lissafa duk abin da zai ɗauka, ka tuna cewa firji da famfon rijiyar burtsatse suna jan wuta ninki biyu ko uku a lokacin tashi. Amma kuma injin dizal da ya fi ƙarfin aikinsa, wanda kullum ke ɗaukar ƙasa da kashi 30 cikin 100 na nauyin da zai iya ɗauka, yakan tara baƙin mai a salansa ya lalace da wuri. Ni kaina ban san wannan ba sai ranar.

An ja kunne sosai kan hayaƙi. Iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari, don haka kada a tayar da inji a ɗaki ko zaure, ko kusa da tagar majiyyata, ko da ana ruwan sama. Sannan dole a sa makunnin sauya layi, don kada wutarka ta koma kan waya ta kama ma'aikacin da ke kan fol.

Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, a riƙa duba ta duk mako. A tayar da injin ko da akwai wuta, saboda batirinsa.

Masu ajiye allurar rigakafi, wadda ke buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, an ba su shawarar su haɗa wa firjin sola da batir nasa daban.