Neman shawara: injin da na sake wa naɗi yana zafi ko babu lodi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, iyayen gidana da abokan sana'a. Ina aikin naɗin koyil a nan Sakkwato, kuma wani manomin albasa daga Wurno ya kawo mini injin famfo mai amfani da lantarki wanda ya ƙone. Na naɗa shi da waya mai kaurin ta asali, zagayen ma ban rage ko ɗaya ba, na canza boris, amma ko ba a haɗa shi da famfo ba yana zafin da hannu ba ya jimrewa. Na lura haƙoran ƙarfen cikinsa sun baje a gefe ɗaya, ga sawun guduma daga wani gyara na baya. Shin duka yana iya sa ƙarfe ya riƙa cin wuta?

Wani malamin lantarki:
Wa alaikumus salam, Malam. Ƙwarai yana iya sawa. Wannan ƙarfen ba irin na maƙera ba ne, ana gauraya shi da silikon da kan kai wajen kashi 3 cikin 100, a yanka shi falle-falle, galibi kaurin milimita 0.35 ko 0.5, kowane falle da rufin da ke hana wuta tsallakawa zuwa na kusa da shi. A cikinsa akwai ƙananan yankunan maganaɗisu da suke juyawa gaba da baya sau 50 a kowace daƙiƙa, gwargwadon wutar ƙasarmu. Idan aka doke shi ko aka lanƙwasa shi, matsin da ya maƙale a ciki yakan hana yankunan nan juyawa cikin sauƙi, sai ƙarfin da aka kashe wajen tilasta su ya koma zafi. Matse ƙarfen ya fi janyo shi yin ɓarna. A ƙarfen taransifoma ma da gangan ake yi masa rufin da ke ɗan janyo shi, domin hakan yana rage asara. Ga kuma matsala ta biyu: dukan yakan manne bakin fallayen da juna, wuta ta samu hanyar zagaye a tsakaninsu, ita ma ta koma zafi.

Wani dattijo mai shagon naɗi:
Yaro, kafin ka ɓata wata wayar, gwada ƙarfen shi kaɗai. Ka cire koyil, ka zagaya waya mai roba ta cikin ramin, ka ba ta wuta ta hanyar da ba za ta yi maka illa ba, bayan 'yan mintoci ka kashe ka taɓa. Inda ya fi sauran zafi, nan cutar take. Ka raba fallayen wurin da siririyar wuƙa a hankali, ka ɗura banish, ka matse daidai ba tare da guduma ba. Abin da ke damuna shi ne masu ƙona tsohon koyil da itace, domin zafin da ya haura digiri 370 yana iya cinye rufin fallayen.

Mai tambaya:
Na gode, Baba. To idan na gasa ƙarfen, matsin ba zai saki ba?

Malamin lantarki:
A masana'anta ana yin hakan a kusan digiri 750 zuwa 800, cikin tanderun da aka hana iska shiga, a bar shi ya huce sannu a hankali. Da gawayi a fili tsatsa kawai za ka jawo. Idan gwajin Baba ya nuna zafin ya game ko'ina, ka gaya wa manomin gaskiya ya nemi wani ƙarfen, domin a zafin Afrilu na Sakkwato, da ke haura digiri 40, sabon naɗin ba zai kai ƙarshen noman rani ba.