Tambaya ga masu tuƙa jirgin sama na kaya a Amurka: ina iyakar amfani da jamsit?

Sabon Matuƙi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe a harkar tuƙin jirgi a Amurka ina neman shawararku. Na samu aiki da wani kamfanin jirgin dakon kaya, an ajiye ni a filin jirgin Sinsinati, ni kuma iyali suna Atlanta, yara na makaranta madam na aiki, babu maganar tashi yanzu. A mota kusan awa 7 ne ta hanyar I-75, ba abin da mutum zai jure kowane mako ba ne, don haka jamsit na dogara da ita, kujerar nan ta naɗewa da ke bayan matuƙa, in shiga jirgin wani kamfani kyauta in je aiki in dawo.

Abin da ya ɗaure min kai biyu ne. Wani lokaci kamfani kan tura ni wani gari in ɗauko jirgi, to ran nan masu tsara aiki suka kira ni suka ce tikiti ya yi tsada, ko zan gwada jamsit. Sannan wani abokin aiki ya ce shi ko an saya masa tikiti sokewa yake ya hau jamsit don ya ƙara kwana a gida. Wannan ya halatta? Kuma meye ladabin abin gaba ɗaya, ba na so in ja wa kaina magana ina sabon shiga.

Tsohon Kyaftin:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a aikin. Amsar ta farko a'a ce, kuma kar ka ji nauyin faɗa musu. Jamsit alfarma ce tsakanin matuƙa, yarjejeniya ce ta ku ɗauki namu mu ɗauki naku, don mutum ya kai kansa wurin aiki ko ya koma gida a lokacinsa na kansa. Daga lokacin da kamfani ya ce je ka gari kaza ka ɗauko jirgi, tafiyar ta zama ta kamfani, kana bakin aiki, su ne za su saya maka kujera tabbatacciya. In ka je ka tsaya gaban kyaftin ɗin wani kamfani ka ce ya taimaka maka alhali aiken kamfaninka kake, ka cinye amanarsa, ka kuma hana kamfaninsa kuɗin tikitin da ya kamata a biya su. Kamar direban tirela ne ya rage maka hanya saboda zumunci, ashe kai kayan maigidanka kake kaiwa kasuwa. In aka gano, ba kai kaɗai za a hukunta ba, ana iya dakatar da yarjejeniyar da kamfaninku baki ɗaya, mutane ɗaruruwa su rasa hanyar zuwa aiki saboda mutum ɗaya. Ka kira kwamitin jamsit na ƙungiyarku, ALPA ce ko Teamsters, ka faɗa musu abin da aka ce maka, aikinsu kenan.

Ladabi kuwa, abu na farko kyaftin ne mai kujerar. Ko da mai aikin ƙofa ta ba ka takarda, ko da ta ba ka kujera a cikin fasinjoji, ka tsaya a ƙofar ɗakin matuƙa, ka jira su gama abin da suke karantawa, ka gaishe su su biyun, ka miƙa katin aikinka da lasisi da takardar lafiya, fasfo ma ya kasance a aljihu, ka ce kana neman izinin a rage maka hanya. Roƙo ake yi, ba sanarwa ba. Ni abin da ya fi ɓata min rai a shekarun da na yi shi ne yaro ya leƙo ya ce "ni ne jamsit ɗinku" ya wuce ko tsayawa babu.

Kuma kar ka ga kamar tsanani ne don son girma. Ranar 7 ga Afrilu 1994 wani ma'aikacin kamfanin jirgin kaya na FedEx ya hau jamsit a jirgin DC-10 daga Memfis da guduma ɓoye a akwatin gita, ya far wa matuƙa uku bayan an tashi, da ƙyar suka danne shi suka dawo da jirgin ƙasa jina-jina. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 an rufe ɗakin matuƙa ga matuƙan wasu kamfanoni gaba ɗaya, sai da aka kawo tsarin CASS da ke tabbatar ta kwamfuta cewa har yanzu kai ma'aikaci ne, da hotonka, sannan aka sake buɗewa, shi ma galibi a tafiyar cikin gida kawai. Ko a Oktoban 2023 wani matuƙi da ke jamsit a jirgin kamfanin Horizon ya kai hannu zai kashe injuna, aka karkatar da jirgin zuwa Fotland. To mutumin da ya san duk wannan kuma ya yarda ka zauna bayan ƙeyarsa, ai ya cancanci gaisuwa.

In kana ciki, ka sa abin saurare a kunne, ka kashe waya, ba hira in jirgi na tafiya ƙasa da ƙafa 10,000, wannan doka ce tun 1981. Amma in ka ga wani jirgi ya matso ko ka ji sun tsallake wani umarni na masu kula da sama, yi magana, kai ma ana lissafa ka cikin ma'aikatan jirgin. Shi ya sa giya ta haramta gare ka ko da a sahun manya aka zaunar da kai, mu dai alhamdulillah wannan ba matsalarmu ba ce.

Maman Hanifa:

Ni a ƙofar shiga jirgi nake aiki, bari in ƙara daga ɓangarenmu. Don Allah ku riƙa zuwa da wuri. Mutum ya zo saura minti 15 a rufe ƙofa, ina fama da mai keken guragu, ga uwa da jarirai an raba musu kujera, ga layin masu jiran ko za a samu gurbi, sai ya ajiye min kati a kan tebur yana kallon agogo, wlh abin da ciwo. Shigar da kai CASS yana cin lokaci kuma wani sa'in kwamfutar ta ƙi. Sannan Malam ka sani Atlanta gidan kamfanin Delta ne, matuƙansu suna gaba da kai a jirginsu ko da ka riga su zuwa, in sufeton FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ya zo kuwa kowa ya matsa. Ƙananan jirage kuma akwai ranar da nauyi zai hana a ɗauke ka ko da kujerar babu kowa. Ka sa yunifom ko kaya na mutunci, ban da gajeren wando da silifa.

Ɗan Zango:

Yallaɓai Kyaftin na yarda da kai a ta farko ɗari bisa ɗari, amma ta biyu ina ganin akwai bayani. In mutum ya gama aikinsa a wani gari, kamfani ya sallame shi a rubuce, tikitin da suka saya na komawa Sinsinati ne shi kuma gidansa Atlanta, meye laifi in ya hau jamsit ya wuce gida kai tsaye? Ai ya sauka daga aiki, tafiyarsa ce. Kamfanoni da yawa yarjejeniyarsu ta yarda da haka. Inda abin ke lalacewa shi ne a karɓi kuɗin tafiya a sa aljihu sannan a hau kyauta, ko kuma wanda kamfaninsa ke saya masa tikiti tun daga gida, akwai kamfanonin kaya masu yin haka, ya bar tikitinsa ya zo ya tare kujera ɗaya tilo, wani yaro na ƙaramin kamfani da ba shi da wata hanya ya rasa aikinsa na ranar. Wannan kam rashin tausayi ne.

Kuma mu na kaya mu riƙa tunawa muna da abin ramawa. Jiragen FedEx ta Memfis da na UPS ta Luwibil suna kai mutane garuruwa da tsakar dare lokacin da babu jirgin fasinja, in matuƙin fasinja ya zo wajenmu a karɓe shi hannu biyu, a nuna masa abin shaƙar iska da hanyar fita, a ba shi kofi.

Tsohon Kyaftin:

Ɗan Zango gaskiyarka, komawa gida bayan sallama daban ne. Wanda ƙanenmu ya ambata na soke tikitin ZUWA aiki ne don a ƙara kwana, shi ne nake tsoro, don in jamsit ta kuɓuce jirgi na can yana jira babu matuƙi, kuma ba ka da bakin kare kanka tunda an ba ka kujera ka yar.

Uwargidan Matuƙi:

Ni ba matuƙiya ba ce, maigidana ne yake tuƙa na kaya, amma akwai abin da ba ku taɓo ba, barci. Ƙanena aikinku na dare ne. In ka tashi da asuba a Atlanta ka yini a filin jirgi kana bin ƙofa-ƙofa, ka isa da yamma, sannan ka tashi da jirgi ƙarfe 3 na dare, yaushe ka huta? Jirgin kamfanin Colgan da ya faɗi kusa da Bafalo ranar 12 ga Fabrairu 2009, mutum 50 suka rasu, mataimakiyar matuƙin daga Siyatul ta taho cikin dare a jiragen kaya ta Memfis har Nuwak kafin ta kama aiki. Hukumar NTSB mai binciken haɗurra ta ɗora babban dalilin kan yadda kyaftin ya sarrafa jirgin, amma ta ce da alama gajiya ta taɓa su. Sabuwar dokar hutu da ta fara aiki a 2014 kuma ba ta tilasta wa jiragen kaya ba, abin da har yau yake ci min rai, alhali a Agustan 2013 jirgin UPS ya faɗi a Bamingham ta Alabama kafin gari ya waye, matuƙan biyu suka rasu kuma an ambaci gajiya cikin dalilai. Ka nemi ɗakin haɗaka kusa da filin jirgi irin wanda matuƙa ke haɗa kuɗi su kama, ka sa labule mai kauri, ka je da wuri ka yi barci na gaske. Madam za ta fi son ka rage mata rabin yini da ka tafi ido jajir.

Sabon Matuƙi:

Na gode ƙwarai Yallaɓai, Hajiyoyi na gode, Allah ya saka. Saura ɗaya, in na yi iya ƙoƙarina duk jirage suka cika fa?

Ɗan Zango:

Duba yarjejeniyar aikinku, da yawa suna da sharaɗin masu zirga-zirga, yawanci in ka nuna ka gwada jirage biyu da za su kai ka kafin lokaci ba za a hukunta ka ba, sai dai kuɗin tafiyar ya wuce ka. Amma wasu ba su da shi, kuma kana shekarar gwaji, don haka ka karanta naku da kanka. Ka ajiye takardar kowane jirgi da ka yi rajista, ka kira masu tsara aiki da zarar na farko ya tafi ba kai, kar ka jira na biyu. Makon bikin godiya na Nuwamba da na Kirsimeti kuwa, lokacin ne kaya suka fi yawa kuma jiragen fasinja a cike suke, ka sayi tikiti ko ka cika tanki tun jajibiri.