Wane irin kiɗa ne wannan a tsohon kaset ɗin kawuna?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Kawuna ya bar min akwatin kaset ɗinsa da zai koma Jos, a ciki na tsinci wani da aka rubuta "Break" da biro a jikinsa. Kiɗan ya ɗaure min kai. Gangar har ƙirji take duka, ga wani "fiu-fiu" kamar bindigar wasan yara, muryar kuma ta mutum-mutumi. Ba zagi, ba fahariyar kuɗi, kowa dai a taso a cashe. Wai wannan ma hip-hop ne? Da wace ganga aka buga shi?

Tsohon Mai Faifai:
Wa alaikumus salam ɗana. Hip-hop ne mana, reshen da ake ce wa electro. Kuma ba ganga ba ce, na'ura ce, Roland TR-808, ƙirar Japan, ta fito a 1980. Makaɗan lokacin sun raina ta wai sautinta bai yi kama da gangar gaske ba, zuwa 1983 har an daina ƙera ta. Wannan rashin kamar shi ne ya burge yaran New York.

Je ka nemi Planet Rock na Afrika Bambaataa da Soulsonic Force, 1982, wanda Arthur Baker ya haɗa. Karin da ke cikinsa na Kraftwerk ne, wasu Jamusawa 'yan Düsseldorf, daga Trans-Europe Express ɗinsu na 1977. Ba a nemi izininsu ba, sai daga baya aka sasanta aka biya su. Ka duba fa, yaran unguwar Bronx ta New York na juyi a kan kwali da kiɗan Jamusawa masu sa nektai da ɗaure fuska! Muryar kuwa, yawanci ta cikin vocoder ake bi da ita, wata na'ura mai mayar da murya kamar ta mutum-mutumi.

Ni abin da ya fi kama min rai shi ne fili da suke bari a kiɗan. Duka ɗaya, tafi ɗaya, a sarara. Na yanzu an cika masa kaya har ba inda mai rawa zai sa ƙafa.

Maman Biyu:
Baba ka tuna min da yayyena, sun ƙarar da kwalayen gidanmu wajen juyi da ka, Inna na bin su da tsintsiya. Jam On It na Newcleus, 1984, shi suka fi so, saboda 'yan ƙananan muryoyin nan da aka ƙara wa gudu. Amma ƙanena kar ka ɗauka duk wasa ne a lokacin. A 1982 ɗin dai The Message na Grandmaster Flash da Furious Five ya fito, kuma talauci da ƙuncin unguwa zalla yake faɗa.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Baba, na gode Yaya. Na saurari Planet Rock, shi ne na biyu a kaset ɗin. Yanzu kuma rediyon ta fara tauna min zaren, akwai mai gyara a Kaduna?