Noise a kwamfutar kwantum: hayaniya ce ko ƙura?

Masu son harshe, ku taya ni. Ina rubuta wa ɗalibaina bayani kan kwamfutar kwantum, kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙoshi: noise. Kowa na tambaya sai ya ce hayaniya. To ai wannan abin kunne ba ya jin sa.

Ga yadda yake. Irin na'urar da Google da IBM ke ƙerawa, da ƙarfe irin alminiyom ake yin kubit ɗinta, wato ƙwayar da ke riƙe bayani a matsayin 0 ko 1 ko haɗin biyun, a sanyaya shi har kusan digiri 273 ƙasa da sifili don lantarki ya bi ta cikinsa babu turjiya. Willow, wata irin wannan na'ura da Google ya fitar a Disamba 2024, kubit 105 gare ta. Duk da wannan sanyi, ɗan ɗumi, ɗan maganaɗisu, ko hasken da ke faɗowa daga sararin samaniya ya isa kubit ya mance abin da aka ba shi ajiya tun kafin ƙiftawar ido. Irin waɗannan abubuwa masu dagula kubit su ne noise.

Ni dai ƙura nake so. Ku tuna hunturun Kaduna: ka goge gilashin mota da asuba, kafin azahar an rubuta suna a kai da yatsa. Ba ka ji shigowarta ba, ba kuma za ka hana ta gaba ɗaya ba, sai dai ka rage, ka yi ta shara. Wata 'yar'uwa ta ce hazo ya fi. Hajiya, hazo ido yake tarewa, ƙura kuwa har cikin inji take shiga ta ɓata aiki.

Hausar kalma ta biyu, crosstalk, kuwa a Tudun Wada na same ta, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Yana murɗa wata tsohuwar rediyo da ƙaramin sukundireba, muryar mai labarai na haɗuwa da kiɗan wata tasha. Na ce, “Baba, me kuke kiran wannan?” Bai ko ɗago kai ba: “Yaro, katsalandan ke nan, maƙwabciya ta sa baki.” Daidai! Saƙon da aka aika wa kubit ɗaya ne ke taɓa na kusa da shi.

Saura mai wuyar. Transmon, irin kubit ɗin waɗannan na'urori, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Yale a 2007, bai tsaya a 0 da 1 ba, yana da mataki na 2, na 3 da sauransu. Wasu masu bincike na amfani da 0, 1 da 2 tare, shi ne kutrit. Amma in kubit ya haura mataki na 2 ko sama ba a aike shi ba, Turawa na cewa leakage. An ba ni yoyo, na ƙi, don ba abin da ya zube. Zarcewa ce. Ka ce a sauke ka Unguwar Sarki, direba ya yi da kai Kawo.

Gobe da waɗannan ukun zan shiga aji. Kubit ɗin kansa na bar shi yadda yake, sai in wani ya zo da wadda ta fi.