Mi za mu kira "hormone de croissance" da "cytokine" da Hausa?

Salamu alaikum ƴan uwa. Muna shirya bayanin lafiyar yara da za a karanta a rediyo nan Tawa, ga inda muka kwana kan kalmomin, wanda ke da gyara ya kawo.

Ta farko ba ta ba da wahala ba, sinadarin girma. Wata ƴar tsoka ce ke fidda shi, tana ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ba ta wuce ƙwayar wake ba, kuma ya fi zuba cikin jini sa'ad da yaro ya yi barci mai nauyi, daga nan ya je hanta ta yi wani sinadarin da ake kira IGF-1 wanda ke sa ƙashi tsawo. Wani ya ce mu ce "ruwan girma", a'a malam, tsohuwa na ji za ta tafi likita ta ce a yi ma jikanta ƙarin ruwa. Cutar kuma ƙarancin sinadarin girma. Don Allah kar a ce tamowa, ba ɗaya ba ne. Mai tamowa sau da yawa sinadarin ma ya yi yawa a jininshi, abinci ne babu shi ya sa hanta ba ta amsawa. Mai ƙarancin sinadarin kuwa ko ya ƙoshi tsawo ba ya zuwa, allurar sinadarin ake mishi, irin ta haɗi wadda aka amince a riƙa amfani da ita a 1985.

Cytokine ce ta ja gardama. Saƙo ne da fararen ƙwayoyin jini ke aika ma juna, wani ya ce ku taru nan, wani ya tada zazzaɓi, wani ya ce ya isa haka. An kawo "manzo", na ce mu bar wannan kalma inda take. An kawo "sanƙira", ta yi daɗi amma sanƙira kowa na jin shi, shi ko wannan sai ƙwayar da ke da makarɓinshi, wato wurin da ke karɓar saƙon a jikinta. Ni dai ɗan aiken garkuwar jiki na zaɓa, jam'i ƴan aike.

Abin da ya haɗa biyun shi ne makarɓin sinadarin girma dangi ɗaya ne da na ƴan aiken nan, cikin ƙwaya ma hanya ɗaya suke bi, ta wasu sinadarai masu isar da saƙo da ake kira JAK2 da STAT5, kuma ƙwayoyin garkuwa na da makarɓin. Yaran da aka haifa da matsalar STAT5b, wani nau'in STAT5 ɗin, ga gajarta ga yawan ciwo. Amma mafi yawan masu ƙarancin sinadarin kawai ba su fi sauran yara kamuwa da cuta ba, sai a awon jini ake iya ganin ɗan bambanci, saboda haka kar mai fassara ya ce "yana kashe garkuwa", tsorata iyaye ne kawai.

Saura thymus, wadda ke bayan ƙashin ƙirji inda wasu ƙwayoyin garkuwa ke nuna. Kaluluwa ba ta yi ba, wannan ta hammata da matsematsi ce. Wanda ke da mahauci a dangi ya tambayo muna yadda suke kiranta a jikin ɗan maraƙi.