Me za mu kira ƙasar da ruwa ke kwana a cikinta?

Jama'a, ina fassara wani bayani kan rainon dashen bishiyar fofla (poplar a Turance), sai na ci karo da abin da Turawa ke kira poorly drained soil. Sunan bishiyar bai ba ni wahala ba, na Hausantar da shi na wuce, tunda ba tamu ba ce. Ta ƙasashen sanyi ce, ana nomanta sosai a kwarin kogin Po na Italiya da Punjab ta Indiya. Sunan wannan ƙasar noma da ruwa ke kwana a cikinta ne ya tsaya min a wuya.

Wani ɗan'uwa ya ce a sa fadama. Malam, a yi min afuwa, ba za ta yiwu ba. Fofla ai 'yar bakin kogi ce, tana jure ambaliya idan ruwan mai wucewa ne. Abin da ke kashe ta shi ne ruwan da ya kwanta ya ƙi tafiya, ya kore iskar da ke cikin ƙasa har saiwa ta rasa numfashi. Idan muka rubuta cewa fadama na cutar da ita, mun yi wa fadama ƙazafi.

Wata 'yar'uwa ta kawo laka. Ta kusa, amma laka nau'in ƙasa ce, ba halinta ba. Akwai laka a kan gangare da ruwa ba ya zama a kanta. "Ƙasa mai riƙe ruwa" kuwa, a kunnen manomi yabo ne.

Ga yadda abin yake a wurin raino. Galibi ba a shuka ƙwayar fofla, reshe ɗan shekara ɗaya ake yankawa guntu-guntu, kamar santimita 20, a soka a ƙasa a bar ido ɗaya a waje. A ƙasar da ruwa ke kwana a cikinta guntun zai fitar da ganye ya ruɗe ka, saboda abincin da ke jikinsa. Bayan 'yan makonni sai ya yi yaushi. Ka zaro shi: gindin ya yi baƙi, ɓawon na saɓulewa a yatsa. Ka haƙa rami, za ka tarar da ƙasa ruwan toka mai ɗigo-ɗigon tsatsa, wani lokaci da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ka cika ramin da ruwa ka dawo gobe, yana nan yana kallonka. Shi ya sa masu raino ke tayar da kunya mai tsayi, su ja magudana, kuma ba sa shiga da garma ƙasa na jiƙe.

To, ruwan nan me ya ƙi yi? Ya ƙi tsanewa. Don haka nake ganin a ce ƙasa ƙi-tsane, a kan awon ƙi-faɗi da ƙi-gudu. Wanda ya ga ta yi masa wasa da yawa a rubutun ilimi, ya ce ƙasa marar tsanewa. Na gwada: "Kada a soka dashen fofla a ƙi-tsane sai an yi kunya." Ni dai a bakina ta zauna daram, kuma ita na saka a fassarar.